Mafarkin duhu bayan rasuwar mahaifi, shin alama ce yana cikin azaba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗiyarka ce daga unguwar Zariya nan Maraɗi. Wata biyu kenan da rasuwar babanmu, ni na yi jinyarshi, daren da ya cika kuran ya yanke da fitilar waya nake dubanshi. Tun sannan nake mafarkin ina cikin duhu ina lalube ban ganin komi, sai in farka gabana na faɗuwa. Wata maƙwabciya ta buɗe littafin fassarar mafarki na Ibn Sirin ta ce duhu ɓata ne, wai baba ne ke cikin duhun kabari, in yanka baƙin bunsuru. Malam mi ye gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinki ya haskaka makwancinshi, ya ba ki ladan jinya.

Ɗiyata, ke da bakinki kin ba da amsa, inda kika ce daren da ya cika babu wuta. Mafarki uku ne kamar yadda kowa ya sani, bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, sai abin da rai ke saƙawa. Naki na ukun ne a fahimtata, wanda ya zauna cikin ɗaki mai duhu yana kallon ran ubanshi na fita, to zuciya ba ta sauke wanga abu cikin wata biyu, tana maido shi cikin barci. Irin wannan ba a fassara shi.

Amma maganar maƙwabciyarki ita ce ta dame ni, don ta yi yawa cikin gari. Littafin nan da ake saidawa bakin masallatai da sunan Ibn Sirin, malamai masu bincike sun daɗe suna cewa jingina mishi aka yi, shi ya rasu shekara ta 110 bayan hijira. Ko da nashi ne ma, fassarar mafarki ba ƙamus ba ce da za a buɗe shafin duhu a karanto, mutum ake kallo da halinshi. Eh, Alƙur'ani ya kira ɓata duhu, to ai shi ne kuma ya kira dare tufa a Suratun Naba'i, ya kira shi natsuwa a An'am, Annabi Yunus cikin duffai ya yi addu'ar da aka karɓa. Wa ya ba ta ikon zaɓen mafi muni ta ɗora ma marainiya? An tambayi Imamu Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya ce ashe da annabci ake wasa? Yana nufin mafarki yanki ne na annabci. Sannan halin mamaci a kabari gaibu ne, mafarkin wani ba hujja ba ne a kai, kuma ke ko ganin baban ba ki yi ba cikin mafarkin.

Baƙin bunsuru kuwa kada ki yanka, sharaɗin launi aikin 'yan bori da bokaye ne. Sadaka ga mamaci tana isa gare shi, ki yi da abin da ya sawwaƙa, ko tiyar hatsi ce, ki yawaita mishi addu'a.

In kin farka, ki yi tofi hagu sau uku, ki yi a'uziyya, ki juya ɗaya gefen, in tsoron ya ƙi ki tashi ki yi nafila. Kuma ki bar ba mutane labarin, da kin yi shiru da ba ki ji wanga zance ba. Kada ki riƙe maƙwabciyar a rai, rashin sani ne.

Ki daina kwana ke kaɗai yanzu, ki samu ƙanwa ko inna kusa da ke, ki karanta Ayatul Kursiyyu kafin barci. In faɗuwar gaba da rashin barcin sun ci gaba, ki je ki ga likita ki gaya mishi duka, har daren da kuran ya yanke. Wallahu a'alam.