Agogon hannu zai iya gane mai shan ƙwaya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa masu bincike suna ɗaura wa mutane wani agogo da ke gane ko sun sha ƙwaya. Da gaske ne? In haka ne, ina so in saya wa ƙanena irinsa, don halinsa ya fara ba ni tsoro.

Amsa: Allah ya shirya mana shi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma agogon ba ya ganin ƙwayar kanta. Abin da yake karantawa shi ne yadda jiki ya sauya bayan ta shiga.

A bayan irin wannan na'ura akwai ƙananan ƙarafa biyu da ke manne da fata. Su ke auna danshin gumi, ko da wanda ido ba ya gani ne. Tana kuma auna ɗumin fata da motsin hannu, wasu har da bugun zuciya. Wanda ya shaƙi hodar iblis, jijiyoyin jininsa na kusa da fata sukan tsuke, sai fatar ta yi sanyi, gumi ya ƙaru, ya kasa zama wuri ɗaya. Mofin, wani maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, da danginsa kuwa akasin haka suke yi: motsi ya ragu, fata ta ɗau ɗumi. A 2015 likita Stephanie Carreiro da abokan aikinta a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun wallafa gwajin da ya nuna irin waɗannan alamu, amma a kan mutane ƙalilan.

Me ya sa masu bincike suka damu da wannan? Saboda gwajin fitsari kwana biyu zuwa huɗu kawai yake kama hodar iblis, kuma ba ya faɗin ƙarfe nawa aka sha. In an tambayi mutum, ko ya manta ko kunya ta hana shi faɗa. Na'urar kuwa tana rubuta lokaci, sai a ga abin da ya faru dab da shan, a san lokacin da ya fi buƙatar taimako.

Sai dai gudu, fargaba, zazzaɓi, duk suna iya kawo alamu masu kama da waɗannan. Shi ya sa a bincike ake haɗa bayanan da gwajin fitsari kafin a yanke hukunci. Wanda ya fi kusa da abin da kake nufi shi ne SCRAM, da ake ɗaurawa a idon sawu: yana auna barasar da ke fita ta gumi duk minti 30, amma barasa kaɗai.

Don haka kada ka kashe kuɗinka. Agogon da ake sayarwa ba a yi shi don wannan aiki ba, kuma ina jin tsoron ka zargi yaron a kan bugun zuciyar da hawan bene ya jawo. Ko a binciken ma, sai mutum ya sa hannu da yardarsa ake ɗaura masa. Ka zauna da ƙanenka ku yi magana cikin natsuwa, in ya amince ku je wurin likita tare.