Ƙarar taron dangi: ko za ta yi amfani a Nijar?

Malam, ka tambaya ko gyaran doka zai ba mutane da yawa damar haɗa ƙara ɗaya. Ni dai ina goyon baya. A ce wani kamfani ya zaftare wa mutum dubu dala ɗari-ɗari (sefa 500 kowanne) a nan Tawa. Wa zai ɗauki lauya kan dala ɗari? Kuɗin kabu-kabu zuwa kotu ma ya cinye ta, sai kowa ya bar wa Allah.

Amurka ta daɗe da wannan tsari. Faransa, wadda muka gaji tsarin shari'arta, sai 2014 ta karɓe shi, kuma ƙungiyoyin kare masu saye da hukuma ta amince da su kaɗai ta ba izinin shigar da ƙarar a lokacin. Nan nake da ja: in ƙungiyar ta yi barci fa?