Ga mai tambaya kan naman tsuntsayen bakin lagun

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na Agege, ka ce wani maharbi yana kawo maka ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da siraran ƙafafu daga gaɓar ruwan Ikorodu, kana tambaya ko cin su na da illa, tunda ka ji an ce daga Turai suke zuwa, ba cikin dattin Legas suka tashi ba. Na daɗe ina aikin ɗebo ruwa da laka a bakin lagun, wato babban tafkin nan na Legas da ke haɗe da teku, ana kaiwa ɗakin gwaji, shi ya sa na kasa yin shiru.

Gaskiya ne baƙi ne. A arewacin Turai da Rasha yawancinsu ke ƙyanƙyasa, sanyi ya koro su, su fara iso mana wajen Satumba, su juya wajen Afrilu. To ka ƙirga, kusan wata 7 ke nan suna kiwo a nan. Kuma kiwon nasu a cikin laka yake. Da ruwa ya janye za ka gan su suna cusa baki suna zaro tsutsa, ƙananan ƙaguwa da dodon koɗi. Ita kuwa lakar, duk abin da kwatocin garin nan suka kwaso can yake kwanciya: ruwan masana'antu, ruwan tsofaffin batura, baƙin man gareji, tokar wayoyin da ake ƙonawa don cire tagulla. Na sha tsoma hannu a lakar wajen Iddo da Apapa in ciro ta baƙa wuluk, warinta ya yini a jikina.

Dalma da zaiba da kadimiyam, ƙarafa masu guba da irin wannan dattin ke ɗauke da su, ba sa ruɓewa. Tsutsa ta ci laka, tsuntsu ya ci tsutsa dubu, jikinsa ya yi ta ajiya. Kadimiyam ƙoda yake nufa ya zauna. Dalma tana bi ta hanta da ƙoda, daga baya ta shige ƙashi. Zaiba kuma ana samun ta a hanta da tsoka, har da gashin fiffike. Wato wuraren da mu Hausawa muka fi marmari, irin hanta da ƙoda, waɗanda akan tsame a miƙa wa yaro, su ne rumbun gubar. Wuta ba ta kashe ta, Malam. Ko ka gasa, ko ka soya, ko ka yi farfesu, ƙarfe yana nan ƙarfensa. Ga kuma ƙwayoyin harsashin maharbi, waɗanda galibi na dalma ne, sukan farfashe cikin naman.

Ni mutumin Zamfara ne, don haka maganar dalma ba labari ba ce a wurina. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Abin da ba na mantawa shi ne, kafin a farga da yaran, agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Tun daga lokacin in na ga tsuntsu yana kiwo a gurɓataccen wuri, hankalina ba ya kwanciya.

Ba na cewa kowane tsuntsu ɗauke yake da abin da zai kwantar da kai, kuma ci ɗaya ba ya kisa. Taruwa ce ake tsoro. Sannan ba ka da yadda za ka gane da ido. Mai guba yana iya zama da ƙiba sumul. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma a ƙwaƙwalwar yaro ta fi yin ɓarna, tana rage masa fahimta a hankali ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba.

Shawarata, ka haƙura da su. In akwai sauran waɗanda ka riga ka saya, ka zubar da kayan cikin gaba ɗaya, kada a dafa ƙashin, kuma don Allah kada yara ko mai juna biyu ko mai shayarwa su taɓa. In kuwa an jima ana cin su a gidanka, ka kai yaran asibiti ka ce a auna dalma a jininsu. Ka ambaci sunanta da bakinka, domin gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna ta.