Gyara muryar ribab kafin ka taɓa yawansa

Ɗana, ka ce duk sanda ka sa wa murya ribab, wato amon nan da ke biyo bayan sauti kamar a cikin babban ɗaki, sai waƙar ta dagule, kalmomi su nutse, in ka rage shi kuma muryar ta bushe ƙamas. Ba yawansa ne ke wahalar da kai ba, abin da kake tura masa ne. Shi ma ribab yana da tasa murya, kuma dole ta fi ta mawaƙi siranta da duhu, in ba haka ba kokawa za su yi.

Daina ɗora shi kai tsaye a kan murya. Buɗe masa layinsa daban, ka tura muryar can, sannan ka sa ikwalaiza, wato abin rage ko ƙara sautin ƙasa da na sama, kafin muryar ta shiga ribab ɗin. Sare duk abin da ke ƙasa da Hz 600 (Hz ma'aunin kauri da kaifin sauti ne), ka sare abin da ya haura Hz 10,000. Tsohuwar dabara ce da ake dangantawa da situdiyon Abbey Road na Landan. Wurin farawa ne kawai: in muryar mai kauri ce kuma kiɗan bai cika ba, ni nakan sauko wajen 300 don kada ta rasa jiki.

Sautin ƙasa shi ke daɗewa yana yawo, ya hau kan bes da ganga, nan dagulewar take. Na sama kuwa shi ke kwaso "s" da "sh" da "ts", waɗanda Hausa ke cike da su, ya fesa su bayan kowace kalma. In bayan sarewar har yanzu kana jin wannan tsakin, sa abin danne "s" kafin ribab ɗin.

Akwai maɓallin da na ga ba ka taɓa kulawa da shi ba, wanda ke sa sautin sama ya riga sauran mutuwa. Shiga ɗakin siminti da ba kowa ka yi tafi, sannan a shimfiɗa darduma, a rataya labule, ka sake. Kaifin ne ke fara tafiya, don tufafi da ita kanta iska suna shanye shi. Kwamfuta ba lallai ta yi haka yadda kake so ba sai ka umarce ta. Tun injin ribab na EMT 250 na Jamus, wanda ya fito a 1976, an ware wa daɗewar ƙasa da ta sama hannu daban-daban, don wutsiyar ribab da ke ƙyalli har ƙarshe kunne ba ya yarda da ita.

Ka kuma jinkirta shigowar ribab ɗin da milisakan 20 zuwa 40, kalma ta fita tukuna.

Kada ka yi wannan gyara ribab yana kaɗai. Shi kaɗai zai yi maka kamar ya rame, ka ruɗu ka mayar da abin da ka sare. Kunna waƙar gaba ɗaya, sannan ka tura ta wayarka ka ji ta a sifikar da yawancin mutanenmu za su ji ta. Gobe ka zo min da waƙar jiya mu buɗe ta tare.