Kafin ki fara tara kuɗin wurin tunawa da tsofaffin sojoji

Hajiya, Allah ya jiƙan ƙaninki, ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta tambayarki tun jiya: ya yi aikin sojan Amurka, ya je Iraƙi ya dawo, bayan shekaru ya kashe kansa, yanzu kuna so ku kafa wurin tunawa a filin shaƙatawa na garinku don faɗakarwa, kina tambayar ta ina kuɗi za su fito. Na yi shekara uku a kwamitin da ya yi irin wannan aiki a garin da nake zaune, bari in nuna miki inda muka yi tuntuɓe.

Kada ki karɓi ko sisin kowa tukuna. Mu gaggawa ta ɗebe mu, muka buɗe GoFundMe, shafin tara gudummawa a intanet, jama'a suka zuba kuɗi, sannan muka nufi ofishin kula da filayen gari. Ashe sai sun yarda da zane da wurin, majalisar gari kuma ta zauna ta amince. Tambayarsu ta farko ma ba ta kuɗin gini ba ce. Cewa suka yi, wa zai riƙa gyara shi nan da shekara 20 in ƙanƙara ta fasa daɓen? Muka yi tsuru-tsuru. Wata takwas kuɗin na ajiye, masu bayarwa na ta kirana kamar na cinye. Ko a Washington, doka ta wajabta wa mai gina abin tunawa a filin gwamnatin tarayya ya ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin don kula da shi. Ki sa irin wannan a lissafinki, izinin kuma ya zama a rubuce.

Bankuna da manyan shaguna ba sa sakin hannu sai ga ƙungiya mai rajistar 501(c)(3), wato rajistar ƙungiyar taimako a hukumar harajin Amurka, saboda ragin haraji. Maimakon ku jira taku rajistar, ku nemi gidauniyar al'umma ta yankinku ta riƙe muku asusun. Hankalin kowa ya fi kwanciya in kuɗi ba a hannun dangi suke ba.

Abin da ya fi kawo mana kuɗi bulo ne. Mutum ya biya a sassaƙa sunan nasa a kai, a shimfiɗa a hanyar shiga. Sai dai kada a rubuta sunan wanda ya kashe kansa ba da yardar iyalinsa ba. Mun taɓa yin wannan kuskure, har yau ina jin kunyar uwar yaron. Siminti da itatuwa kuwa kyauta muka same su.

Za a matsa miki a sassaƙa "22 a kullum", wato wai tsofaffin sojoji 22 ke kashe kansu kowace rana. Lambar daga rahoton ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA na 2012 ta fito. Rahotannin baya-bayan nan na nuna kusan 17 a rana, sama da 6,000 a shekara. Dutse ba ya gyaruwa, ki bar ƙididdiga. A rubuta lambar wayar agaji, 988 sannan a danna 1, inda mai zama zai gani. Kada a ambaci yadda mutum ya mutu, kada kuma rubutun ya mai da mutuwar jarumta, don akwai mai zuwa wurin da irin wannan tunani a ransa.

Na san a cikinmu akwai masu cewa ana tona asirin gida, ko ana kafa gunki. Mu ba mu sa mutum-mutumi ba, benci da inuwa muka yi, surutun ya ragu.

Ranar zaman majalisa ki tafi da dattawan reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta American Legion ko VFW na garinku, sanye da hulunansu. A wurinmu minti uku ake ba kowa, don haka ki rubuta abin da za ki faɗa tun daga gida.