Cakulan ɗin Faransa mai suna tiruf: me ya sa yake tsastsafo mai ko ya ƙi daskarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in yi dunƙulen cakulan ɗin nan na Faransa da ake mirginawa cikin garin koko, don in raba wa dangi. Sau biyu ina gwadawa. Karo na farko na narkar da cakulan a tukunya kai tsaye bisa wuta, na zuba kirim, sai mai ya taso sama, ƙasan ya koma kamar tsaki. Karo na biyu bai rabu ba, amma ya ƙi yin ƙarfi, yana narkewa a hannuna, kuma garin shayin cakulan da na barbaɗa masa ya jiƙe ya yi danƙo. Ina kuskurena yake? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalolin uku ne, kowace da dalilinta, kuma duk suna da magani.

Abin da kike son yi Faransawa suna kiransa truffe, wato tiruf. Sunan aro ne daga wani baƙin naman kaza mai tsada da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, musamman a yankin Périgord na Faransa, wanda ake nemowa da karnuka. Dunƙulen cakulan ɗin yana kama da shi lokacin da aka tono shi da ƙasa a jikinsa, don haka kada ki damu idan naki bai fito mulmulalle sumul ba, haka asalinsa yake. Labarin da aka fi bayarwa a Faransa shi ne wani mai sana'ar kayan zaƙi, Louis Dufour, ya fara yin sa a garin Chambéry a ƙarshen 1895, kuma har yau a lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara aka fi cin sa a can.

Cikinsa shi ake kira ganash: cakulan da kirim ɗin madara. Cakulan yana da mai da yawa, kirim kuma fiye da rabinsa ruwa ne, aikin duka shi ne a sa mai da ruwa su haɗe su zauna lafiya. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ake yin ƙuli-ƙuli ta san abin da ya faru da ke a karo na farko. Idan aka zuba wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ruwan zafi kaɗan aka tuƙa, sai tunkuza ta curu gefe guda, mai ya fito. Cakulan ma haka yake yi idan ruwan da ya samu bai ishe shi ba, ko zafi ya yi masa yawa. Masu ƙuli-ƙuli wannan rabuwar suke nema, ke kuma ita kike gudu. Wutar da kika ɗora shi a kai ita ce ta fara ɓata shi, domin baƙin cakulan ba ya son ya wuce digiri 55 na ma'aunin Salshiyas, gindin tukunya kuwa yana zarce haka cikin ƙiftawar ido.

Kafin a je ga wuta, ki duba abin da kika saya. Da yawa daga cikin cakulan da ake sayarwa a shagunan kayan kek an cire masa man koko an maye gurbinsa da man kwakwar manja ko wani man tsiro. Yana da araha, yana jure zafi, ya dace da ado a kan kek, amma a tiruf yana barin maiƙo a dasashi kamar an tauna kyandir. Ki juya bayan takardar ki karanta: idan man koko yana cikin abubuwan farko da aka lissafa, na gaske ne. Ki nemi wanda aka rubuta kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na koko. Shi ma kirim ɗin haka: garin nan ko ruwan nan mai zaƙi da ake bugawa a shafa wa kek yawanci man tsiro ne da sukari. Wanda ake buƙata kirim ne na madarar shanu, mai kitse kashi 30 zuwa 35, marar sukari. Idan bai samu ba, ki haɗa madarar gwangwani marar sukari giram 65 da bota giram 35, ki ɗumama su tare har su haɗe. Wannan yana ba da kitse kusan daidai da na kirim, ɗanɗanon ne kawai zai ɗan bambanta. Bota ta zama marar gishiri. Man shanu na gida yana da ƙamshin tsami da zai danne cakulan, majarin kuma kada ma ya shigo zancen.

Ga awon da ya dace da ƙasa mai zafi: cakulan giram 200, kirim giram 100, bota giram 20, zuma giram 15. Wato cakulan ninki biyu na kirim. A nan kuskurenki na biyu yake, kusan tabbas. Ganash ɗin da ake yi daidai wa daida, cakulan da kirim awo ɗaya, na zubawa a kan kek ne, ba zai taɓa dunƙuluwa a Kano ba. Ki yi awo da sikeli, ban da kofi, saboda yankakken cakulan yana barin sarari a kofi kuma kowane yanka da nauyinsa. Idan cakulan ɗin ya kai kashi 70 ko ya wuce, ki ƙara kirim zuwa giram 120, don irin wannan ya fi mai kuma ya fi saurin rabuwa. Zumar tana riƙe laushi, tana kuma ɗan ƙara masa kwanaki.

Ki yayyanka cakulan ƙanana kamar ƙwayar wake, ki zuba a busasshen kwano na ƙarfe ko na tangaran. Ki tafasa ruwa kaɗan a tukunya, ki kashe wutar, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba. Tururin ya isa. Ki kula kada ɗigo ko ɗaya ya faɗa ciki, kuma kada ki rufe kwanon, don zufar murfi ruwa ce. Da ya narke, wajen digiri 45, ki sauke ki goge gindin kwanon. A wata ƙaramar tukunya ki ɗumama kirim da zuma har ki ga ƙananan kumfa a gefe, ki sauke, ki bar shi minti ɗaya.

Yanzu wurin da ake cin nasara ko a faɗi. Kada ki juye kirim ɗin gaba ɗaya, ki kasa shi uku. Ki zuba kashin farko, ki soma juyawa daga tsakiyar kwano da cokalin roba, ƙananan zagaye, da ɗan ƙarfi. Zai yi kauri, ya yi kamar ya lalace, har mai ya ɗan bayyana. Mutane da yawa a nan suke karaya su zubar, alhali haka ya kamata ya yi, ruwan ne bai kai ba tukuna. Ki zuba kashi na biyu ki ci gaba, za ki ga tsakiyar ta fara sheƙi tana danƙo. Ki riƙa faɗaɗa zagayen a hankali har ki jawo na gefe, sannan ki zuba na uku. Duk wannan lokacin haɗin ya kasance sama da digiri 35, domin man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, idan ya sauka ƙasa da haka sai ya fara daskarewa kafin ya gama haɗuwa da ruwan. In babu ma'aunin zafi, ki ɗiga kaɗan a bayan hannu, ya zama da ɗumi kaɗan, ba mai ƙuna ba. A wannan zafin ne za ki saka botar, mai laushi, a yayyanke, ki juya har ta ɓace. Kada ki yi amfani da maburgi, yana cusa iska, iska kuma tana rage kwanakin da zai yi.

Idan duk da haka ya rabu, ba asara ba ce. Ki ɗumama madara, ki zuba babban cokali ɗaya, ki juya daga tsakiya da sauri. In bai dawo ba ki ƙara rabin cokali. Idan sanyi ya yi, ki mayar da kwanon kan tururi na ɗan lokaci kafin ki zuba madarar. Ƙara cakulan ko bota a wannan hali ƙara matsalar ne, don mai ne ya riga ya yi yawa.

Faransawa sukan zuba barasa a ciki don ƙamshi, amma ba dole ba ce. Kankararren ɓawon lemon zaƙi guda ɗaya, ko ƙaramin cokali na garin kofi mai narkewa, ko ɗan yankan ɗanyar citta, ko kanumfari biyu, duk suna tafiya da baƙin cakulan. A cikin kirim ake jefa su yana da zafi, a rufe minti 10, a tace, a sake aunawa a cike abin da ya ragu.

Ki juye ganash a faranti mai faɗi, kaurinsa kamar santimita 2, ki shimfiɗa leda mai laushi ta manne da samansa don kada ya yi ɓawo. Masu wannan sana'a a Faransa suna barin sa a ɗaki mai digiri 16 zuwa 18 na awa 12 zuwa 24, saboda man koko ya fi zama da kyau idan ya daskare a hankali. A Kano daren hunturu ne kawai ke kusa da haka. Sauran shekara ki bar shi ya huce awa ɗaya, sannan firij na awa 4 ko ya kwana. Firiza tana ruɗi: waje ya yi tauri, ciki yana nan da laushi, da an fito da shi sai ya saki.

Wajen dunƙulawa, tafin hannu shi ne abokin gaba, zafinsa ya kusa narkar da man koko. Ki yi aikin da asuba. Ki riƙa ɗiba da ƙananan cokula biyu, giram 10 zuwa 12 kowane, ki jera a faranti, ki mayar firij minti 20. Awon nan zai ba ki wajen guda 28. Sai ki fito da goma goma, ki tsoma hannu a ruwan sanyi, ki goge ya bushe ƙarau, ki mulmula kowane cikin daƙiƙa biyu ko uku, ki jefa a garin koko ki mirgina shi da cokali mai yatsu.

Garin shi ne amsar tambayarki ta uku. Milo da Bournvita an yi su ne don sha, suna ɗauke da sukari da madarar gari, su kuwa waɗannan janyo danshi suke yi, shi ya sa suka yi danƙo. Ki nemi tsantsar garin koko marar sukari, ki tankaɗe shi da rariya. Ɗacinsa ne yake daidaita zaƙin ciki, tiruf marar wannan ɗacin ya rasa rabin daɗinsa. Idan kina son su ƙara jure zafi, ki narkar da ƙarin cakulan giram 80, ki bar shi ya huce har ya kusa zafin jiki, ki shafa kaɗan a tafin hannu, ki mirgina kowane dunƙule ya samu siririn rufi, ki jefa a garin nan take. Rufin yana hana garin shan danshin ciki.

Tunda da kirim aka yi su kuma babu barasa, kwana 7 a firij cikin mazubi mai murfi shi ne iyaka, nesa da albasa da daddawa, don cakulan yana ɗaukar wari. A firiza suna kai wata 2. Lokacin ci, ki fito da mazubin a rufe, ki bar shi minti 10 zuwa 15 kafin ki buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansu garin ya yi dabbare-dabbare. Idan wuta ta ɗauke, ko za ki kai wa dangi a bazara, ki sa mazubin a kula, ki naɗe ƙanƙarar da tawul don kada ruwanta ya taɓa shi, kuma ki ajiye ɗan garin koko daban ki sake barbaɗawa kafin ki miƙa.