Kai da za ka zo Texas karatu, ga amsar maganar bindigar nan

Salam ƙanena, na ga saƙonka, Allah ya sanya alheri da admishan ɗin, Allah ya sa a gama lafiya. Sai tambayarka, wato ka ga bidiyon mutane suna yawo da fistol a ƙugu cikin kanti a Texas, kana so ka ji ko kai ma in ka sauka za ka iya sayen taka saboda tsaro, har ka jefa ta a mota in za ka je New York gaida Kawu lokacin hutu. Toh duka biyun a'a. Amma na san halinka, in ba a faɗa maka dalili ba sai ka je ka samu wani ya ce maka ai nan Amurka ce kowa da 'yancinsa.

Abin da ka gani a bidiyon gaskiya ne ba haɗi ba ne. Tun 1 ga Janairun 2016 mai lasisi a Texas yake iya rataya ƙaramar bindiga a fili, daga 1 ga Satumban 2021 kuma lasisin ma aka ce ba dole ba ne, in dai mutum ya kai shekara 21, ba shi da laifin da ya hana shi, kuma tana cikin kubenta. Ni kaina na sha bin layi a gidan mai, na gabana da ita a ƙugu yana sayen kofi, mai karɓar kuɗi ko kallo bai ishe ta ba. A ƙofar wasu shaguna za ka ga allo an rubuta 30.06 ko 30.07, lambar sashen doka ce, na farko ya hana shiga da ɓoyayyiya, na biyu ya hana shiga da ta fili.

Sai dai wannan duk ba naka ba ne, kai da bizar ɗalibai, wato F-1, za ka shigo. Dokar tarayya ta haramta wa duk wanda ya shigo da bizar zaman wucin gadi, ɗalibi ne ko ɗan yawon buɗe ido ko ma'aikaci mai H-1B, riƙe bindiga ko harsashi, kuma ka lura riƙewa na ce ba saye kawai ba, ko harsashi ɗaya ne a aljihun jakarka ya isa. Hukuncin da shekara 10 ne mafi yawa, a 2022 aka ɗaga shi zuwa 15, bayan haka kuma 'yan imigireshan na jiranka, laifin bindiga yana cikin waɗanda ake korar mutum daga ƙasar a kansu. Texas ta ce ba ruwanta da lasisi, amma Texas ba ta isa ta goge dokar tarayya ba.

Inda yara ke faɗawa ma ba kanti ba ne, kanti ai sai ka cike fom 4473 an tambaye ka matsayinka an buga sunanka a kwamfutar FBI. Filin koyon harbi ne matsalar, abokai su ce zo mu je ranar Asabar, ka yi hayar bindiga ka harba ka ɗau hoto ka ɗora a Instagram 'yan gida su gani, toh ka haɗa wa kanka shaida da hannunka kenan. Akwai wani Hamid Rehaif ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya zo karatu Florida, makaranta ta sallame shi saboda faɗuwa jarabawa, bizarsa ta lalace bai tafi ba, ya je filin harbi, aka yanke masa wata 18. Sai da maganar ta kai kotun ƙoli a 2019 kafin aka ce dole gwamnati ta tabbatar ya san matsayin zamansa. Kai kana da kuɗin kai ƙara kotun ƙoli? Baba gona ya sayar fa.

Za ka ji ana cewa akwai ƙofa, lasisin farauta. E akwai, in kana da lasisin farauta mai rai daga wata jiha hanin tarayya ya sauka a kanka. Amma na Texas yawanci 31 ga Agusta yake mutuwa duk shekara, ranar da ya mutu kana da bindiga a ɗaki ka koma mai laifi ba tare da ka motsa ba, ga dokokin makaranta da na hostal daban, shigar da bindiga harabar jami'o'in gwamnati da aka halatta a 2016 na masu lasisin ɗauka ne kuma a ɓoye, masu zaman kansu irin su Rice ma cewa suka yi ba sa so. Ni dai ban ga abin da ɗalibi zai tsinta a wannan ƙofar ba.

Yanzu tafiya gun Kawu, dan wannan ya shafe ka ko ba ka da bindiga, tunda motar aboki za ka bi. Mu ɗauka abokin ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, wato katin zaman dindindin, bindigarsa halal ce a Houston. Ku bi Louisiana, Mississippi, Alabama, Tennessee duk lafiya lau, su ma ba sa neman lasisi. Ku hau titin I-81, akwai ɗan yankin Maryland da bai fi kilomita 20 ba, kafin ka gama cin biskit kun wuce, amma a nan doka ta juya gaba ɗaya, lasisin Texas ba ya aiki. New Jersey da New York kuwa sai addu'a, ba sa karɓar lasisin kowace jiha, gidan harsashi mai cin sama da 10 ma laifi ne shi kaɗai.

Zai ce maka akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar wucewa. Akwai, amma da sharaɗi: bindigar ba harsashi a ciki, ita da harsasan a but inda hannu ba ya kaiwa, in motar ba ta da but a akwati mai makulli, ba a aljihun gaban mota ba. Babban sharaɗin shi ne ta zama halal gare ka a inda ka taso DA inda za ka. Ku kuma Bronx za ku cikin birnin New York, inda ba shi da izini, kenan dokar ba ta rufe shi tun daga farko. Kuma wucewa aka ce, ba kwana biyu ana ziyara ba. Gregg Revell a 2005 ya taso daga Utah za shi Pennsylvania a jirgi, ya bayyana bindigarsa yadda ya kamata, jirgin canji ya tafi ya bar shi a Newark ta jihar New Jersey, ya ɗau jakarsa ya kwana a otal, da safe ya sake bayyana ta aka kama shi, kotun ɗaukaka ƙara a 2010 ta ce kwanan da ya yi da jakar a hannunsa ya fitar da shi daga kariyar. Shaneen Allen kuma uwar yara biyu daga Philadelphia, da lasisinta na Pennsylvania, an tsayar da ita a New Jersey a 2013, ita da bakinta ta ce wa ɗan sanda tana da bindiga, ta yi sama da wata a tsare tana fuskantar aƙalla shekara uku da rabi, sai 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Waɗannan 'yan ƙasa ne fa, ba su da biza da za a soke.

In aka samu bindiga ƙarƙashin kujerar da kake zaune, ɗan sanda ba zai tsaya alƙalanci a bakin titi ba, sau da yawa duk na cikin motar ake kwasa, lauyoyi su rarrabe daga baya. Dan haka kafin ka shiga motar kowa tafiya mai nisa ka tambaye shi kai tsaye, ba kunya a nan. Haka wanda za ku kama gida tare, in yana da ita ta zauna a akwatin ƙarfe da ba ka san lambarsa ba.

Sannan wlh kar ka manta fatarka. Philando Castile, baƙar fata ne a Minnesota, Yulin 2016, yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sandan cikin ladabi cewa akwai bindiga tare da shi, cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerar mota, da ƙaramar yarinya a baya. In an tsayar da ku hannu a inda za a gani, da dare a kunna fitilar cikin mota, kar ka laluba aljihu sai an ce ka ciro.

Tsaron da kake tsoro kuma, turo min sunayen unguwannin da kake dubawa da kuɗin hayarsu in gaya maka wacce za ka kama, kar ka biya kowa kafin alƙalami sai na gani. Ka gaida min Mama.